Yadda ake koya wa ma'aikata gane ɗan damfara tun bai kai ga asusu ba

Mafi yawan kuɗin da ake sace wa ma'aikatu ta waya da intanet ba fasa kwamfuta ake yi a kwashe su ba. Ma'aikaci ne ke miƙa su da hannunsa, bayan wani ya kira shi ko ya rubuto masa da sunan wanda ya yarda da shi. Zamba cikin aminci ke nan, kuma ba ta ƙyale manya ba. Tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituwaniya ya riƙa aika wa Facebook da Google takardun neman biya na jabu da sunan wani kamfanin Taiwan da suke sayen kaya a wurinsa, suka biya shi fiye da dalar Amurka miliyan 100 kafin asirinsa ya tonu. A watan Yulin 2020 kuma wasu samari suka shiga cikin Twitter ta hanyar kiran ma'aikatansa a waya, suna cewa su ƴan sashen kwamfuta ne. Abin da ya ci waɗannan shi ne ke cin kontabil na ƙungiyar agaji a Damagaram, da yaron shagon tura kuɗi a bakin Kasuwar Dole, da magatakardan ɗan kasuwar da ke sauke kaya daga Kano ta Matamaye. Yawan kuɗin ne kawai ya bambanta.

Ba jahilci ne ke jefa ma'aikaci a hannunsu ba. Sau da yawa zuciyarsa ta riga ta ɗarsa cewa akwai lauje cikin naɗi, amma kunya da girmama na gaba suka hana shi cewa "bari in tabbatar". Saboda haka horon da za ka shirya aikinsa biyu ne: ya ba ƙaramin ma'aikaci izinin tambaya, ya kuma sa bakinsa ya saba da tambayar.

Mataki na farko: san wa ke riƙe da me

Kafin ka tara kowa, ɗauki takarda ka ja layi huɗu: sunan muƙami, abin da mai shi ke riƙe da shi, wanda ke iya ba shi umarni, da hanyar da umarnin ke zuwa. Kontabil na riƙe da asusun banki da littafin cek. Sakatariya na riƙe da akwatin imel na biro da hatimi. Mai gadi na riƙe da ƙofa, kuma ya san wanda ya yi tafiya. Direba ya san ranar da ake ɗauko kuɗi. Ɗalibin da ya zo koyon aiki na wata uku yana cikin rukunin WhatsApp na ma'aikata, yana ganin duk abin da aka rubuta. Waɗannan ukun na ƙarshe su aka fi mantawa da su a horo, alhali su ɗan damfara ke fara tatsa.

Daga nan duba abin da baƙo zai iya sani game da ku ba tare da ya taka ƙofarku ba. Buɗe shafin Facebook na ma'aikata: hoton darakta na nan, sunayen masu ba ku tallafi na jikin kyallen taro, an ma rubuta cewa shugaba ya tafi Yamai. Takardar sa hannun mahalarta taro, mai ɗauke da suna da lambar waya da imel, ana ɗaukar hotonta a jefa a rukuni. Da ɗan gari akan ci gari, kuma waɗannan takardun su ne ɗan garin. Wanda ya san cewa darakta na kan hanyar Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 da layi ke yankewa a wurare, ya san ranar da zai rubuto wa kontabil.

Mataki na biyu: rubuta dokoki, shugaba ya faɗe su da bakinsa

Horon da babu doka a bayansa hira ce. Dokokin kada su wuce shafi ɗaya, da Hausa da Faransanci, kuma huɗun nan su ne ginshiƙi.

Duk umarnin fitar da kuɗi, ko sauya lambar asusu, ko ba da bayanan ma'aikata da ya zo ta waya, WhatsApp ko imel, ba a aiwatar da shi sai an katse an kira mai umarnin a lambar da aka riga aka sani. Ba lambar da ke cikin saƙon ba, ba kuma wadda ta kira ba. Ana buga jerin lambobin nan a takarda a manna kusa da teburin kontabil, don kada a dogara da abin da ke cikin wayar da za a iya sacewa.

Kuɗin da ya wuce wani adadi sai mutum biyu sun amince. Ƙaramar ma'aikata na iya sa iyakar a jikka 100, babba ta ɗaga. Abin lura shi ne na biyun ya ga takardar asali da idonsa. In sa hannu kawai yake yi a kan abin da na farko ya miƙo masa, mutum ɗaya ne har yanzu.

Idan mai kawo muku kaya ya ce ya sauya banki ko lambar karɓar kuɗi, a jinkirta biya awa 48, a kira shi a lambar da ke cikin tsohuwar kwangila, ya kawo takarda mai sa hannu da hatimi. Biyan farko a sabon asusun ya zama kaɗan, a jira ya ce ya gani kafin a tura saura.

Lambar sirri da kod ɗin da ke shigowa ta SMS ba a faɗa wa kowa, ko da darakta ne, ko mai gyaran kwamfuta, ko wanda ya ce daga kamfanin waya yake.

Sai abin da ya fi duk waɗannan nauyi. Ranar horo shugaba ya tashi gaban kowa ya ce: "Ko ni na kira ka na ce ka tura kuɗi, ka katse ka kira ni. Ba raini ba ne, aikin da na sa ka ke nan." Kuma ya riƙe maganarsa. Ranar da kontabil ya kira shi don tabbatarwa ya daka masa tsawa saboda yana cikin taro, ranar dokar ta mutu, kuma duk biro za su ji labari kafin la'asar.

Mataki na uku: zaman horon kansa

Mutum 8 zuwa 12 a zama ɗaya, minti 45 zuwa awa ɗaya, da safe. Kada a sa ranar Alhamis in ma'aikatan na da hulɗa da kasuwa, kada kuma a sa gab da sallar Juma'a. A yi da Hausa. Allon da aka cika da Faransanci zai bar mai gadi da direba a baya, su kuma ba za su ce ba su gane ba. Kowa ya zo da wayarsa. Mako guda kafin zaman ka roƙi ma'aikata su turo maka hotunan saƙonnin damfarar da suka taɓa samu, ka goge sunaye da lambobi, su za ka nuna. Saƙon da ya shigo wayar abokin aikinka ya fi kama hankali a kan misalin da aka kwaso daga Turai.

Fara da alamomi huɗu, domin dabarun na sauya riga amma waɗannan ba sa sauyawa: gaggawa ("kafin minti 10 za a rufe layinka"), fakewa da babba ("darakta ne ya ce"), neman a ɓoye ("kada ka faɗa wa kowa tukuna"), da kwaɗayi ko tausayi (ka ci kyauta, an ɗauke ka aiki, ɗan'uwa na kwance a likita). In biyu daga ciki suka haɗu a saƙo ɗaya, a tsaya.

Sannan ka bi dabarun ɗaya bayan ɗaya, kana bayyana yadda kowace ke aiki. Mutum ya fi riƙe dokar da ya san dalilinta.

Satar WhatsApp ita za ka fi daɗewa a kai, don ita ce ƙofar sauran. Ɓarawo na shigar da lambarka a wayarsa kamar zai buɗe sabon asusu. WhatsApp sai ya turo kod mai lamba 6 zuwa layinka, don ya tabbatar kai ne. Kod ɗin nan kaɗai ya rage masa, sai ya kira: "Muna shirya taron ƙungiya ta intanet, an turo maka lambar shiga, karanto mini." Ko ya rubuto daga asusun abokinka da ya riga ya sace: "Na tura maka kod bisa kuskure." Da ka karanta, asusunka ya koma hannunsa, ya shiga rukunin biro yana neman rance da sunanka, yana kuma neman kod ɗin wasu. Maganin a nan cikin ɗakin za a yi shi, ba a ce kowa ya je gida ya yi ba. Kowa ya buɗe Paramètres, ya shiga Compte, ya taɓa Vérification en deux étapes, ya sa lambar sirri mai lamba 6 wadda ba shekarar haihuwarsa ba ce ba kuma wutsiyar lambar wayarsa ba, ya ƙara adireshin imel don ranar mantuwa. Daga nan a duba Appareils connectés. Duk na'urar da mutum bai gane ba ya cire ta. Ka zaga ka gani da idonka, mutum bayan mutum. Wannan kaɗai zai ci minti 15, kuma ya cancanci hakan.

Ta biyu ita ce "na tura maka kuɗi bisa kuskure". SMS na shigowa mai kama da na Airtel Money ko Moov Money, sai kira ya biyo baya, mutum na roƙo har da kuka a mayar masa. Babu kuɗin da ya shigo; saƙon shi ya rubuta shi. Wani lokaci za ka ga ya fito daga lamba mai lamba 8 irin ta kowa, amma kada a dogara da wannan, domin ana iya ƙirƙirar sunan mai aikowa. Hujja ɗaya ce: ka shiga asusunka da kanka ka duba abin da ke ciki. Ko kuɗin ya shigo da gaske, mai shi ya bi ta kamfanin a warware. Haka hoton rasit da mai saye ke nunawa a waya ba kuɗi ba ne, kuma ba a sakin kaya a kansa.

Ta uku shugaban jabu. Sabuwar lamba, hoton darakta da aka ɗauko a Facebook, da saƙo: "Wayata ta lalace, ina cikin taro da masu tallafi, tura jikka 300 ga wannan lambar, zan yi maka bayani." A da ana cewa a nemi jin murya. Yanzu murya ba hujja ba ce, domin da ɗan guntun sautin mutum ana iya haɗa muryarsa da na'ura. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin injiniyoyi na Arup a Hong Kong ya tura kusan dalar Amurka miliyan 25 bayan taron bidiyo da ya ga shugaban sashen kuɗi da abokan aikinsa a ciki, ashe duk fuskokin da muryoyin haɗa su aka yi. Da ya katse ya kira hedikwata a lambar da ya sani, da kuɗin na nan.

Ta huɗu imel da mahaɗin intanet. Koya musu karanta adireshi, ba sunan da ke sama ba, domin suna kowa na iya rubuta wanda ya ga dama. A taɓa sunan a ga adireshin da ke ƙarƙashi, a karanta harafi bayan harafi: ana sa rn a madadin m, ana sa 1 a madadin l. A danna amsa a duba ko adireshin da amsar za ta tafi shi ne na mai aikowa. Mahaɗi kuma ana ɗora kibiyar kwamfuta a kansa ba tare da dannawa ba, a waya a danne shi da yatsa har adireshin ya bayyana. Mai gidan shi ne sunan da ke daf da sandar / ta farko. A ce shafin bankinku bankina.ne ne, to bankina.ne.kyauta-yau.com/shiga ba na banki ba ne, na mai kyauta-yau.com ne. Rubuta irin waɗannan guda biyar a allo, kowa ya fito ya ja layi ƙarƙashin mai gidan. Alamar ɗan kwaɗon kulle da ke gefen adireshi ba ya nuna shafin na gaskiya ne. Ɓarayi ma suna da shi.

Fayil ɗin da ya ƙare da .exe, .apk ko .zip daga wanda ba a jira ba, ba a buɗe shi. A Windows a shiga Affichage a kunna Extensions de noms de fichiers, in ba haka ba facture.pdf.exe zai bayyana kamar facture.pdf. Takardar Word ko Excel da ta ce a danna Activer le contenu kafin a ga abin da ke ciki, a rufe ta.

Ta biyar ba ta intanet take zuwa ba, da ƙafa take zuwa. Mutum da riga mai tambari da jakar kayan aiki ya ce an turo shi duba intanet. Mai gadi ya zaunar da shi a waje, ya kira wanda ke da alhakin abin. In ba wanda ya nemi gyara, ba ya shiga, in kuma ya shiga ba a barinsa shi kaɗai. Kilen USB da aka tsinta ba a soka shi a kwamfutar aiki. A 2015 masu bincike sun zubar da guda 297 a harabar Jami'ar Illinois a Amurka, aka buɗe fayilolin kusan rabinsu, da yawa don neman mai shi a mayar masa. Kyakkyawar niyya ce, amma a miƙa wa mai kula da kwamfutoci ya fi. Wanda zai tashi daga tebur ko don alwala ne ya danna Windows da L tare.

Ka rufe da layin da ya mutu. In wayar mutum ta daina kamawa alhali na kusa da shi masu kamfani ɗaya suna kamawa, mai yiwuwa wani ya sa an sabunta layin a hannunsa don kod ɗin banki ya riƙa zuwa masa. A je ofishin kamfanin a ranar, da katin shaida.

Mataki na huɗu: a gwada da baki

Sanin doka daban, iya faɗarta ga babba daban. Raba su biyu-biyu, ɗaya ya zama ɗan damfara, ɗaya ma'aikaci, minti 3, sannan su sauya. Mai damfarar ya matsa da gaske: ya yi fushi, ya yi rantsuwa, ya ce "ka san da wa kake magana?" Ba ma'aikacin kalmomin da zai riƙe, gajeru masu ladabi:

"Ranka ya daɗe, na ji. Bari in kira ka a layinka na kullum yanzun nan, sai in tura."

"Hajiya, ki yi haƙuri, doka ce aka ɗora mini. Ko darakta ne sai na kira."

"Malam, kod ba na faɗa a waya. In akwai matsala zan zo ofishinku da kaina."

Ba gardama, ba dogon bayani, ba ƙoƙarin kama shi da tambayoyi. Duk minti ɗaya da ka ƙara a waya dama ce ka ba shi. Mai gaskiya ba ya jin zafin a kira shi. Wanda ya hana ka katsewa ya riga ya nuna kansa. Ka sa shugaba ma ya shiga wasan, ƙaramin ma'aikaci ya katse masa waya a gaban jama'a, shi kuma ya ce madalla.

Mataki na biyar: gwajin ba-zata

Bayan mako 3 ko 4, da izinin shugaba a rubuce, a aika saƙon gwaji. Mai ma'aikacin kwamfuta na iya amfani da Gophish, manhaja ce ta kyauta da aka yi don wannan. Wanda ba shi da shi, sabon layi da hoton darakta sun isa. A sanar tun ranar horo cewa gwaji na zuwa, ba tare da faɗin rana ba. Kada a karɓi lambar sirrin kowa ta gaske. Shafin gwajin ya tsaya a cewa "wannan gwaji ne, ga alamomin da suka wuce ka". Kada a yi gwaji da ƙarin albashi, goron Sallah ko labarin rasuwa, domin mutane za su ji an yi wasa da su, su daina yarda da kai.

Abin da za ka ƙirga ba yawan waɗanda suka danna kaɗai ba ne. Ka rubuta mutum nawa suka kawo rahoto, da minti nawa aka yi kafin rahoton farko ya iso. In wannan lokacin na raguwa daga gwaji zuwa gwaji, horon na aiki. Ba a manna sunan wanda ya faɗa a allo, ba a yanke masa albashi. A zauna da shi minti 10 shi kaɗai. Wanda aka kunyata yau, gobe in ya danna na gaske zai yi shiru, kuma shirun nan ya fi dannawar tsada.

Mataki na shida: in an riga an faɗa

Kowa ya san mutum ɗaya da zai kira, da mataimakinsa, dare ko rana. In kuɗi ne, a kira banki ko kamfanin tura kuɗi nan take da lambar shaidar turawar, a nemi su tsayar. Da zarar an cire kuɗin a wani shago dawo da shi ya yi wuya. In lambar sirri ce, a sauya ta daga wata na'urar, a sauya duk inda aka maimaita ta. A akwatin imel a duba ko an sa dokar tura kwafin saƙonni zuwa wani adireshi, domin ɓarawo kan bar wannan a baya ya ci gaba da karatu bayan an sauya lambar. In fayil aka buɗe, a cire kwamfutar daga intanet, kada a goge komai. In WhatsApp ne, a sake shigar da lambar a wayar mai ita. Da ya sa kod ɗin da ya zo masa an fitar da ɓarawon, sai dai in ɓarawon ya riga ya sa tasa lambar sirrin, za a jira kwana 7 kafin a shiga. Cikin wannan lokaci a sanar da rukunoni da dangi ta kira da SMS kada kowa ya tura kuɗi.

A ɗauki hoton saƙonni da lambobi da lokutan kira, a kai ƙara komisariya ko jandarmeri. Dokar Nijar mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta tanadi hukunci kan laifukan intanet, kuma banki na iya neman takardar ƙarar. In bayanan mutane ne suka fita, kamar jerin masu cin gajiyar tallafi da lambobinsu, a tuntuɓi hukumar da ke kula da kare bayanan jama'a, a kuma gargaɗi mutanen da abin ya shafa, domin su za a kira gaba da sunanku.

Bayan haka horon ya shiga cikin aikin yau da kullum. Minti 10 a taron wata, a nuna sabon saƙo ɗaya da ya shigo wa wani. Cikakken zama duk wata 6, da tunatarwa kafin azumi, Sallah da lokacin aikin Hajji, lokacin da kuɗi ke yawo kuma roƙon taimako ke yawa. Sabon ma'aikaci ya sami horon a makonsa na farko, kafin a sa shi a rukuni. Wanda ya bar aiki a cire shi daga rukunoni, a rufe imel ɗinsa, a sauya lambobin sirrin da ya sani a ranar da ya tafi, a kuma sabunta jerin lambobin da ke manne kusa da teburin kontabil.